Herbert Yardley

Herbert Osborn Yardley (13 ga Afrilu, 1889 – 7 ga Agusta, 1958) Ba'amurke ne, masanin warware rubutun sirri, marubuci, kuma gwanin wasan kartar da ake kira poka. Shi ne ya kafa hukumar farko ta gwamnatin Amurka mai karanta saƙonnin sirrin wasu ƙasashe a lokacin zaman lafiya, ya kuma jagorance ta daga 1919 zuwa 1929. An fi sanin hukumar da suna Black Chamber, wato Baƙin Ɗaki. Ya yi suna da littattafai biyu. Na farko shi ne The American Black Chamber na shekarar 1931, wanda ya tona asirin aikin hukumar, ya kuma rufe masa ƙofar aikin leƙen asiri a ƙasarsa har ƙarshen rayuwarsa. Na biyu shi ne The Education of a Poker Player na shekarar 1957, wanda ya bayyana yadda ɗan wasa mai haƙuri da lissafi yake cin kuɗin waɗanda ba su kai shi iyawa ba. A fagagen biyu hanyarsa ɗaya ce: ya lura da abin da abokin karawa ya saba maimaitawa ba tare da ya sani ba, sannan ya ci moriyar wannan sabon.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Yardley a Worthington, wani ƙaramin gari a jihar Indiana. Mahaifinsa, Robert Yardley, shi ne shugaban tashar jirgin ƙasa ta garin kuma mai buga wayar tangaraho, a wurinsa ɗan ya koyi wannan sana'a tun yana ƙarami. Mahaifiyarsa, Mary Emma Osborn, ta rasu yana saurayi. Kamar yadda shi da kansa ya ba da labari daga baya, bayan rasuwarta ne ya fara zama a mashayun garin, inda ake buga poka a ɗakunan baya, yana wasa da ɗan gadon da ta bar masa. A can ya haɗu da wani mai mashaya da ake kira Monty, wanda ya zama malaminsa a wasan.

Ya gama makarantar sakandare a 1907, ya shiga Jami'ar Chicago, amma shekara guda kawai ya yi ya bari. Daga nan ya yi aikin buga waya a reluwe. A shekarar 1912 ya ci jarrabawar shiga aikin gwamnati, aka ɗauke shi akawu a ofishin waya da rubutun sirri na Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka da ke Washington. A 1914 ya auri Hazel Milam, 'yar garinsu.

Shiga aikin rubutun sirri

Aikin dare a ofishin waya ya ba shi lokaci, sai ya fara gwada warware saƙonnin da ke bi ta hannunsa don ya ga ko tsarin ɓoye su yana da ƙwari. Ya ce ya buɗe wani saƙo da Kanar Edward House ya aiko wa Shugaba Woodrow Wilson daga Turai cikin ƙasa da awa biyu. Wannan ya nuna masa cewa duk ƙasar da take da ƙwararru za ta iya karanta sirrin Amurka. Sai ya rubuta rahoto mai shafi kusan 100 a kan raunin tsarin, ya miƙa wa shugabanninsa.

Tushen irin wannan aiki nazarin harshe ne. Kowane harshe yana da haruffa da gaɓoɓin da suka fi wasu yawan fitowa. A Hausar boko, alal misali, harafin a ya fi kowane harafi yawa, saboda haka ko an musanya shi da wata alama, yawan alamar zai tona shi. Masanin nan na Bagadaza, al-Kindi, ya bayyana wannan dabara tun ƙarni na 9. Mai rubuta saƙon sirri shi ma yana da nasa sabon, kamar fara wasiƙa da kalmomi iri ɗaya kullum, kuma ta irin wannan kafa mai warwarewa yake shiga.

Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, Yardley ya shawo kan Manjo Ralph Van Deman, shugaban leƙen asirin soja, cewa rundunar tana bukatar sashen warware saƙonni. Aka ba shi muƙamin laftanan, aka ɗora shi a kan sabon sashen da aka sa wa suna MI-8. Cikin waɗanda suka yi aiki da shi akwai John Matthews Manly da Edith Rickert, masana adabin Ingilishi daga Jami'ar Chicago. Su ne a 1918 suka warware takardar sirri da aka samu a jikin Lothar Witzke, ɗan leƙen asirin Jamus da aka kama a kan iyakar Meziko. A ƙarshen yaƙin an tura Yardley Landan da Faris, ya kuma kula da ofishin rubutun sirri na tawagar Amurka a taron sulhu na Faris a 1919.

Baƙin Ɗaki da taron Washington

A 1919 Ma'aikatar Harkokin Waje da rundunar soja suka haɗa kuɗi suka kafa sabuwar hukuma a birnin New York, Yardley na shugabanta. Don kada a gane ta, ta fake da sunan wani kamfani mai sayar wa 'yan kasuwa littattafan taƙaita saƙon waya. Kamfanonin waya kuma suna ba ta kwafin saƙonnin jakadun ƙasashen waje a asirce.

Babban abin da aka sa a gaba shi ne saƙonnin Japan, alhali Yardley ba ya jin Japananci. Ana buga saƙonnin ne da haruffan boko, gaɓa bayan gaɓa, domin yawancin gaɓoɓin harshen baƙi ne da wasali, kusan kamar na Hausa. Shi da mataimakinsa Frederick Livesey suka ƙirga yawan fitowar gaɓoɓi a dubban saƙonnin da ba a ɓoye ba, sannan suka yi hasashen kalmomin da dole su fito a saƙonnin siyasa na lokacin, irin su sunan ƙasar Ireland, da Jamus, da kalmar 'yancin kai, da kalmar da ke nuna ƙarshen zance. A watan Disamba na 1919 hasashen ya yi daidai, suka buɗe tsarin farko.

Amfanin wannan ya fito a taron taƙaita jiragen yaƙi na ruwa da aka yi a Washington daga Nuwamba 1921 zuwa Fabrairu 1922. Amurka ta nemi a tsayar da nauyin manyan jiragen Japan a kashi 6 cikin 10 na nata, Japan kuwa ta dage a kan kashi 7. Saƙonnin da aka warware sun nuna cewa gwamnatin Tokyo ta yarje wa wakilanta su sauko zuwa 6 idan tura ta kai bango. Da sanin haka, Sakataren Harkokin Waje Charles Evans Hughes ya ƙi sassautawa har Japan ta amince, aka ƙulla yarjejeniyar 5:5:3 tsakanin Amurka da Birtaniya da Japan. Yardley ya kwatanta cinikin da wasan poka wanda aka riga aka leƙa ɓoyayyiyar kartar abokin karawa. Sojan Amurka sun ba shi lambar girmamawa saboda aikinsa.

Rufe hukumar da littafin 1931

Bayan taron, kuɗin hukumar ya yi ta raguwa, kamfanonin waya ma suka fara ja da baya. A 1929 sabon Sakataren Harkokin Waje, Henry Stimson, ya gano abin da ake yi, ya ga cewa karanta wasiƙun jakadu bai dace da mutunci ba, ya janye kuɗin ma'aikatarsa. An rufe hukumar ranar 31 ga Oktoba, 1929, kwana biyu bayan rugujewar kasuwar hannun jari ta New York. Takardunta suka koma hannun sashen soja da William Friedman ya jagoranta.

Yardley ya rasa aiki a farkon babban karayar tattalin arziki, ga iyali, ga ba fansho. Sai ya rubuta labarin hukumar. Kamfanin Bobbs-Merrill ya buga littafin a 1931, bayan mujallar Saturday Evening Post ta fitar da wasu sassansa. An sayar da kwafi sama da 17,000 a Amurka, fassarar Japananci kuma sama da 33,000. A Japan abin ya tayar da ƙura ƙwarai, ƙasashe da dama kuma suka sauya tsarin rubutun sirrinsu. Ba a gurfanar da shi gaban kotu ba, domin babu dokar da ta hana abin da ya yi a lokacin. Amma da ya shirya littafi na biyu a kan saƙonnin Japan, gwamnati ta ƙwace rubutun a 1933, majalisa kuma ta kafa doka a shekarar da ta haramta wa ma'aikatan gwamnati wallafa irin waɗannan saƙonni.

Shekarun baya

A shekarun 1930 ya rubuta littattafan ƙagaggun labarai, cikinsu har da The Blonde Countess na 1934, kamfanin fim na MGM kuma ya fitar da fim mai suna Rendezvous a 1935 wanda ya samo tushe daga rubuce-rubucensa. Daga 1938 zuwa 1940 ya yi aiki a Chongqing, hedikwatar gwamnatin Chiang Kai-shek a lokacin yaƙin Sin da Japan, a ƙarƙashin shugaban leƙen asiri Dai Li, yana amfani da sunan Herbert Osborn. A 1941 Kanada ta ɗauke shi ya kafa mata sashen warware saƙonni, amma bayan wata shida ta sallame shi, saboda Amurka da Birtaniya sun ƙi yin aiki da sashen muddin yana ciki. Ɗan Birtaniya Oliver Strachey ne ya gaje shi. Bayan haka ya yi ƙananan ayyukan gwamnati a Washington, kamar sa ido a kan farashin kaya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1944 ya auri Edna Ramsaier, tsohuwar ma'aikaciyar Baƙin Ɗaki.

Wasan poka a taƙaice

Poka ta bambanta da kartar da aka saba gani a Kano da sauran garuruwan Hausa, irin su whot, inda ake rige-rigen ƙarar da kartar hannu. A poka ana amfani da karta 52, iri huɗu, kowane iri guda 13. Kowa yana neman haɗa karta biyar masu daraja. Mafi ƙanƙantar haɗi shi ne biyu masu lamba ɗaya, sai biyu-biyu, sai uku, sai biyar a jere, sai biyar iri ɗaya, a haka har sama. Ana zuba kuɗi a tsakiya zagaye bayan zagaye. Idan layi ya zo kan mutum, ko dai ya bi abin da aka zuba, ko ya ƙara, ko ya ajiye kartarsa ya haƙura da abin da ya riga ya sa. Wanda ya fi ƙarfin hannu a ƙarshe shi ke kwashe kuɗin, ko kuma wanda kowa ya janye ya bar masa. Wannan ne ya sa burga ta shiga wasan, wato mai raunin hannu ya zuba kuɗi kamar mai ƙarfi don ya tsorata saura.

Poka ta kuɗi caca ce. A zamanin Yardley doka ta hana ta a yawancin jihohin Amurka, in ban da wurare irin su Nevada da ta halatta caca a 1931. Musulunci ya haramta caca, kuma dokar Shari'a da Jihar Kano ta kafa a shekarar 2000 ta sa ta cikin laifuffuka.

Dabarunsa a kan raunanan 'yan wasa

Kamfanin Simon and Schuster ne ya buga The Education of a Poker Player a 1957. An gina littafin a kan labarai. Sashen farko yana faruwa a mashayar Monty a Worthington, na biyu a ƙasar Sin, inda Yardley ya zama malami yana koya wa tafintansa. Bayan kowane labari akwai ƙa'idoji da misalan hannuwa. Abokan wasan da ke cikin labaran manoma ne da fatake da 'yan tashi-ka-fiye-naci, masu wasa da zuciya ba da lissafi ba.

Ƙa'ida ta farko ita ce kada a shiga wasa sai da hannu mai ƙarfi. Lissafi yana goyon bayan wannan. Ana iya haɗa hannu mai karta biyar ta hanyoyi 2,598,960. Daga ciki 1,302,540, wato kusan rabi, ba su da ko biyu masu lamba ɗaya. Masu biyu guda ɗaya sun kai 1,098,240, kimanin kashi 42 cikin ɗari. Duk sauran hannuwa masu ƙarfi ba su kai kashi 8 cikin ɗari ba. Raunin ɗan wasa shi ne ya ƙi yarda da wannan, ya biya kuɗi a kusan kowane rabo don ya ga abin da zai fito. Mai bin hanyar Yardley yana ajiye yawancin hannuwansa tun farko, ba ya asarar komai sai ɗan abin da kowa ke sawa kafin rabo. Idan kuwa ya shiga, sau da yawa ya riga ya fi waɗanda suka biyo shi. A nau'in wasan da ake rufe karta ɗaya a buɗe huɗu, shawarar littafin ita ce mutum ya fita nan take idan abin da ke gabansa bai fi abin da ake gani a gaban wasu ba.

Ta biyu ita ce kada a sayi karta da tsada. A nau'in da ake zubar da wasu karta a karɓi sababbi, mai huɗu iri ɗaya yana da karta 9 cikin 47 da za su cika masa, kusan sau ɗaya cikin biyar. Mai huɗu a jere da ke buɗe ta gefe biyu yana da 8 cikin 47. Wanda kuwa giɓinsa ke tsakiya, kamar mai 5 da 6 da 8 da 9 yana neman 7, karta 4 kaɗai yake da su cikin 47. A ce akwai dala 10 a tsakiya, ana bukatar ya biya dala 2. Idan ya yi haka sau 47, zai ci sau 4 ya sami dala 40, ya faɗi sau 43 ya rasa dala 86. Wannan bambanci na dala 46 shi ne ke komawa aljihun mai haƙuri, ba tare da ya yi wata bajinta ba.

Ta uku ita ce wurin zama. Wanda zai fara magana bai san abin da na bayansa za su yi ba, saboda haka yana bukatar hannu mafi ƙarfi kafin ya buɗe wasa. Wanda ke ƙarshe ya ga motsin kowa, yana iya shiga da abin da bai kai haka ba.

Ta huɗu ita ce nazarin mutane, kuma a nan aikinsa na warware saƙonni ya fi fitowa. Monty ya sa shi ya riƙa lura da kowane ɗan wasa shi kaɗai: karta nawa ya karɓa, yaya yake zuba kuɗi idan yana da ƙarfi, yaya muryarsa da hannunsa suke idan burga yake yi. Ɗan wasa mai rauni yana maimaita halinsa kamar yadda akawun jakada yake maimaita kalmomin buɗe wasiƙa. Wannan sani ne ke nuna wanda burga za ta ci da wanda ba za ta ci ba. Mutumin da ba ya ajiye karta ko da me, ba a yi masa burga, ana jira ne a sami hannu mai kyau a bar shi ya biya. Littafin ya kuma bayyana hanyoyin maguɗi a wajen gauraya karta da rabawa, don mai karatu ya gane su.

Labaran ba su ɓoye ɓarnar caca ba. Akwai na wani manomi da ya sa ragowar gonarsa a wasa, zuciyarsa ta buga ya mutu a kan teburin da kartar da ta ci a hannunsa. Tsarin gaba ɗaya ya tsaya ne a kan cewa ribar gwani asarar wani ce, kuma mafi yawan mazauna teburin su ne masu asarar.

Iyakar dabarun

Hanyar Yardley tana aiki ne idan abokan wasa ba sa lura. Ƙwararru kan gane mutumin da ba ya shiga sai da ƙarfi, sai su janye duk lokacin da ya zuba kuɗi, su kuma ƙwace masa ƙananan kuɗin tsakiya da ƙari. John von Neumann da Oskar Morgenstern sun nuna ta hanyar lissafi a littafinsu na 1944 a kan nazarin wasanni cewa wanda ke karawa da gwani dole ya cuɗa burga da gaskiya a kan wani ma'auni, ta yadda ba za a iya karanta shi ba. Wasan ma ya sauya. Bayan fara gasar duniya ta poka a Las Vegas a 1970, nau'in Texas hold'em ya mamaye fagen, marubuta irin su Doyle Brunson da David Sklansky suka koyar da wasa mai yawan kai farmaki. Duk da haka, shawarar da ake ba mai fuskantar raunanan 'yan wasa ba ta yi nisa da tasa ba: zaɓen hannu, rage burga, da barin mai kuskure ya ci gaba da biyan kuɗin kuskurensa.

Rasuwa da abin da ya bari

Yardley ya rasu ranar 7 ga Agusta, 1958, kwanaki kaɗan bayan ya sami shanyewar jiki, yana da shekara 69. An binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington. Littafinsa na poka ya fito a Birtaniya a 1959 da gabatarwar Ian Fleming, marubucin labaran James Bond, kuma an ci gaba da sake buga shi shekaru da dama. Marubucin Birtaniya Al Alvarez yana cikin waɗanda suka ce daga littafin suka koyi wasan. Labarin zamansa a Sin, The Chinese Black Chamber, bai fito ba sai a 1983.

Har yanzu ana saɓani a kansa. A 1967 marubuci Ladislas Farago ya zarge shi da sayar wa Japan sirri tun kafin a rufe Baƙin Ɗaki, amma masanin tarihi David Kahn, wanda ya wallafa tarihin rayuwarsa a 2004, bai yarda da zargin ba. Masana sun kuma nuna cewa yakan ƙara gishiri a labaransa, ya ɗauki yabon aikin da wasu suka yi. A shekarar 1999 Hukumar Tsaron Ƙasa ta Amurka, NSA, wadda ta gaji irin aikin da ya fara, ta sa sunansa cikin rukunin farko na mutanen da ta karrama a zauren girmamawarta.